Yaro Ya Hana Barci: Ina Maigida Yake?

Bayan salati ga Manzo (S), Malam ya ja kunnen 'yan'uwa sababbin magidanta. Ya ce ɗan shekara 1 zuwa 2 yana buƙatar barcin awa 11 zuwa 14 kullum, amma haƙori, yaye, zafi da sauro sukan hana shi. To, zalunci ne miji ya juya baya yana minshari, uwa ta kwana rarrashi. A raba dare biyu, a rama da ƙailula. Kada a ɗura wa yaro maganin mura don ya yi barci. In zazzaɓi ne, sai asibiti. Manzo (S) kansa yakan gajarta salla in ya ji kukan yaro, don tausaya wa uwarsa.