Awon Hawan Jini Idan Bugun Zuciya Ya Rikice

Na'urar awon hawan jini mai batir, irin ta kemis-kemis, motsin jijiyar dantse take bi ta fitar da lamba. Idan bugun zuciya ya rikice, wani da ƙarfi wani da rauni, lambar takan sauya daga awo zuwa awo. Don haka ake fara taɓa jijiyar wuyan hannu a ji bugun. In bugun ba ya tafiya daidai, mutum ya huta minti 5, a auna sau 3, a ɗauki matsakaici, ko ma'aikacin lafiya ya auna da abin sauraron bugun zuciya. Sannan a nemi gwajin zuciya na ECG a asibiti, domin wani nau'in wannan rikicewa yana ninka haɗarin shanyewar ɓarin jiki kusan sau 5.