Kama Da Wane Ba Ta Wane



An umurce ni in faɗi wani abu game da aikina na binciken abincin dabbobi. To, zan ba ku labarin waɗansu tsirrai biyu, dangin wake da gyaɗa, waɗanda ake harawa da su a Amurka da Kanada. Sunan ɗaya alfalfa, ɗayar kuwa melilotus. Suna ƙanana da wuya ido ya raba su, domin kowace ganyenta uku-uku ne.

A shekarun 1920 sai shanu suka riƙa mutuwa a waɗannan ƙasashe. Da an yi wa sa fiɗiya ko an yanke masa ƙaho, jini ba ya tsayawa. A 1933 wani manomi ya kai wa masani Karl Link, na Jami'ar Wisconsin, mushen saniya da gwangwanin jinin da ya ƙi daskarewa. Bayan shekaru ana bincike aka gano dalili. Melilotus tana ɗauke da wani sinadari mai ƙanshi, kumarin, mai yawan gaske. Idan harawarta ta jiƙe ta yi fumfuna, sai ya rikiɗa ya zama dikumarol, wanda ke hana jini daskarewa. Alfalfa ba ta da wannan aibi. Daga wannan bincike ne aka samo warfarin, wanda ya fara da zama gubar ɓera a 1948, kafin likitoci su soma ba mutane shi a 1954.

Yau raba su ba wuya. A jiƙa ganyen a ruwan soda mai ƙarfi, a ɗumama, a haska shi da fitilar ultrabayolet. In akwai kumarin, ruwan zai yi ƙyalli.

Malam, ka tuna ranar da ka sa muka ɗiga tawada a takardar tacewa, launuka suka rarrabu? Wallahi da wannan dabara nake cin abinci har yau.

Amma ɗazu na leƙa ɗakin kimiyyarmu, na tarar da kwalabe babu komai. Ina roƙon mu yi karo-karo mu cika su, domin ƙannenmu su ma su koyi raba abin da ido ya kasa rabawa.