Baƙin da ke Zaune a Saiwar Wake, da Yadda Ake Raɗa Musu Suna

Manoman Sokode da Dapango, da 'yan'uwa na Sinkase da Bawku, yau cikin ƙasa za mu leƙa.

In ka tuge wake ko gyaɗa ko waken suya, za ka ga 'yan ƙulle-ƙulle manne da saiwa. Gidajen wasu halittu ne da ido ba ya gani, ana ce musu bakteriya. Kashi 78 cikin ɗari na iskar da muke shaƙa naitirojin ne, wato sinadarin nan da muke zuba kuɗi mu saya a buhun yuriya. Shuka ba ta iya ɗibarsa daga iska. Su ne ke kamo mata shi, ita kuma ta ciyar da su.

To, ba iri ɗaya ba ne. Wanda ya dace da wake ba lalle ya karɓi waken suya ba. Shi ya sa masana ke shan wahalar tantance su. Sai a ɗauki ƙulli guda, a wanke, a murƙushe, a reni abin da ke ciki a ɗakin bincike. Daga nan a karanta tsarin gadonsa, wato DNA, a gwada da na waɗanda aka riga aka sani. In kamar da ke tsakaninsu ta gaza kashi 95 cikin ɗari ko kusa da haka, an samu sabon jinsi ke nan. Amma suna ba ya tabbata sai an ajiye samfurinsa da rai a rumbuna biyu na ƙasashe daban-daban, an kuma wallafa bayaninsa.

Wannan aiki ya daɗe. A 1888 wani ɗan Holan, Beijerinck, ya fara ware su daga saiwa, a 1889 aka raɗa musu suna Rhizobium. Yankinmu ma ya shiga littafi. A 1994 aka bayyana sababbin jinsi biyu daga Senegal: ɗaya saheli, don Sahel, ɗaya teranga, kalmar Wolof mai nufin karɓar baƙi, domin yana sauka a saiwar tsirrai iri-iri.

Kana iya cewa, ina ruwan manomi da sunan Latin? Ai suna linzami ne. Garin bakteriya da ake cuɗa iri da shi kafin shuka, irin Nodumax na cibiyar IITA da ke Ibadan, na waken suya ne. Ka cuɗa gyaɗa da shi, kuɗinka ka zubar. Ga shi kuma waken suyan Togo yana shiga kasuwar Turai ne a matsayin wanda aka noma ba da takin zamani ba. Mai noma wa wannan kasuwa ba shi da yuriya sai waɗannan baƙi.

Ga gwajin da za ka yi da kanka. In shuka ta fara fure, ka haƙo tushe guda, ka tsaga ƙulli da farce. In cikinsa ja-ja ne, suna aiki. In fari ne ko kore, babu abin da suke ba ta. In kuwa saiwar ce da kanta ta kumbura, ƙullin bai ɓalle ba, wannan tsutsar ƙasa ce, sai ka nemi malamin gona. Garin kuma a adana shi a inuwa, rayayye ne, rana tana kashe shi.

Allah ya ba mu damina mai albarka. Sai mako mai zuwa.