Idan aka tsayar da zuciya, wa ke kai wa ƙwaƙwalwa jini?

Yau ɗakin tiyata za mu leƙa.

Da yawanmu mun san wani da aka haɗa wa kuɗi ya tafi Indiya ko Masar aikin zuciya. A yawancin irin wannan aiki, likitoci tsayar da zuciyar suke yi cak. Wata na'ura ce ke karɓar aikin zuciya da huhu: ta janye jini, ta sa masa iskar oksijin, ta mayar da shi jiki. Dakta John Gibbon ne ya fara yin nasara da ita a Filadelfiya ta Amurka, a watan Mayun 1953, kan wata budurwa 'yar shekara 18.

To, abin da aka fi ji wa tsoro shi ne ƙwaƙwalwa. Nauyinta kusan kashi 2 cikin 100 ne na jiki, amma ita kaɗai ke cinye kusan kashi 20 na oksijin, kuma ba ta ajiya. Mintuna kaɗan babu jini, ƙwayoyinta sun fara mutuwa. Shi ya sa ake sanyaya jinin, don sanyi na rage mata buƙata. A wasu ayyukan babbar jijiyar jini ma har kusan digiri 18 ake sauke zafin jiki, a tsayar da jinin gaba ɗaya na ɗan lokaci. Ana kuma manna na'ura a goshi tana nuna oksijin ɗin da ke isa ƙwaƙwalwa.

Ƙarancin jini ɓangare ɗaya ne kawai. Kumfar iska ko ɓarɓashin kitse daga bangon jijiya na iya bin jini su toshe wata 'yar hanya a ka. Mai tsohon hawan jini kuwa, ƙwaƙwalwarsa ta saba da matsi mai yawa, don haka matsin da ya ishi wani shi ba lallai ya ishe shi ba. Kun ga ke nan ɓoye wa likita hawan jini ko ciwon suga ganganci ne, wallahi.

Ga masu jinya: in majinyacinku ya farfaɗo yana sambatu, ko bakinsa ya karkace, ko hannu ɗaya ya ƙi ɗaguwa, kar a ce shafar aljanu ce, kar kuma a jira gari ya waye. A kira nas nan take, a faɗa mata ƙarfe nawa aka fara gani.