Gansakuka Da Bagaruwa: Jawabi Ga Taron 'Yan Ƙungiya A Jalingo

An ce in yi magana kan tsirrai biyu, wato gansakuka da bagaruwa.

Masana sun raba su gida biyu. Gansakukar da nake nufi ita ce mai laushi da ke manne wa dutse da jikin itace, ba koren da ke taruwa kan ruwa ba. Ba ta da saiwa ta gaskiya, ba ta fure, ba ta 'ya'ya. Da wata ƙura mai kama da gari take yaɗuwa. Irinta sun kai wajen 12,000 a duniya, har a ƙasashen ƙanƙara na can arewacin duniya, inda itace ba ya iya tsiro. Mu nan, sai a dazuzzukan tsaunin Mambila, kamar Ngel Nyaki, za ka gan ta ta lulluɓe rassa.

Ita kuwa bagaruwa dangin wake ce, 'yar'uwar gyaɗa da ɗorawa da tsamiya. Da can ana kiranta Acacia. A taron masana na Melbourne a 2011 aka tabbatar da barin wannan suna ga itatuwan Ostireliya, tamu ta koma Vachellia nilotica, ɗakwara mai ƙaro kuma ta zama Senegalia senegal.

To, wajen kiyayewa fa? Bagaruwa tana jure fari, har a Ostireliya ta zama annoba a makiyaya. Abin da ke cin ta a wajenmu gatari ne da gawayi, alhali majema da ita suke jima. Gansakuka ba mai sare ta, amma in aka sare dajin da ke ba ta inuwa da raɓa, ta tafi ke nan, ruwan da take riƙewa ma ya tafi.

Jama'a, mun ga yadda aka yi wa madobiya a jihar nan, har aka sa ta cikin itatuwan da ke fuskantar ƙarewa a 2018. Da yawanmu sana'ar itace da gawayi muke yi, kuma ƙasar nan ta karɓe mu. In ka sare ɗaya, dasa biyu. Mu daina cinna wa daji wuta, mu girmama iyakar gandun Gashaka-Gumti.

Allah Ya ba mu ikon kiyayewa. Wassalamu alaikum.