Ƙungiyoyin Zumunci da Gwamnatocin Danniya



Gwamnatin da ta danne mutanenta a gida takan rasa mai yarda da maganarta a waje. In jakadanta ya yabe ta, kowa ya san aikinsa ya ke yi. Saboda haka sai ta nemi wani baki da za ta ci albasa da shi, wato 'yan ƙasar da ta ke son shawo kanta, masu mutunci a idon jama'arsu. Hanyar da aka fi bi wajen samun irin wannan baki ita ce ƙungiyar zumunci. Laccar yau za ta duba misalai uku daga tarihi, sa'an nan ta nuna abin da ya kamata a lura da shi.

Misali na farko daga Ingila ya ke. A shekarar 1935, shekara biyu bayan Hitila ya hau mulki, aka kafa Ƙungiyar Zumuncin Ingila da Jamus a London. Wanda ya fi ɗawainiyar kafa ta shi ne Ernest Tennant, wani mai harkar banki, abokin Ribbentrop wanda ya zama jakadan Jamus a Ingila a 1936. Ba talakawa ƙungiyar ta nema ba. 'Yan majalisa ta jawo, da masu sarauta, da manyan kamfanoni irin su Unilever da Dunlop. Aikinta a fili liyafa ne da ziyara da maganar ciniki, kuma da yawa daga cikin mambobinta tsoron sake yaƙi ne ya kai su, ba son aƙidar Nazi ba. Amma amfanin da Jamus ta samu shi ne, manyan Ingila suka saba da ganin mulkin Hitila kamar kowace gwamnati da za a iya daidaitawa da ita. Sai a watan Nuwamba 1938, da aka ƙone wuraren ibadar Yahudawa da shagunansu a Jamus, shugaban ƙungiyar, Lord Mount Temple, ya sauka daga muƙaminsa. Kafin shekara ta zagayo yaƙi ya ɓarke.

Misali na biyu ya nuna cewa dabarar ba ta aƙida ɗaya ba ce. Tarayyar Sobiyat ta kafa hukumar hulɗar al'adu da ƙasashen waje a 1925, kuma a 1927 aka kafa Ƙungiyar Abokan Tarayyar Sobiyat, mai rassa a ƙasashe da dama. Babban makaminsu shi ne ziyarar da aka tsara. A kai baƙo masana'anta da makaranta da gonar da aka zaɓa, da tafinta wanda ba ya rabuwa da shi, ya koma gida yana cewa ya gani da idonsa. Irin wannan ziyara aka shirya wa Edouard Herriot, tsohon firayim ministan Faransa, a Yukuren a 1933, lokacin da yunwa ta hallaka miliyoyin mutane. Ya koma ya musanta cewa akwai yunwa. Ganin Dala dai ba shiga birni ba ne.

Misali na uku ya shafi Afirka. A shekarun 1970 Ma'aikatar Watsa Labarai ta gwamnatin wariyar launin fata a Afirka ta Kudu, ƙarƙashin minista Connie Mulder da sakatarensa Eschel Rhoodie, ta kashe kuɗin asiri kimanin rand miliyan 64 don gyara sunan gwamnatin. Da kuɗin aka kafa jaridar The Citizen a 1976, aka yi ƙoƙarin sayen jaridar Washington Star a Amurka, aka kuma ɗauki nauyin wata ƙungiya mai suna Club of Ten, wadda ta riƙa buga tallace-tallace a jaridun Ingila kamar dai wasu attajirai ne masu kishin gaskiya su ke magana. Da asiri ya tonu a 1978 Mulder ya sauka, kuma a 1979 John Vorster ya bar kujerar shugaban ƙasa.

Abu uku suka haɗa waɗannan misalai. Na ɗaya, ba a bayyana inda kuɗi su ke fitowa. Na biyu, ana neman waɗanda a ke jin maganarsu: ɗan majalisa, ɗan jarida, malamin jami'a, babban ma'aikaci. Na uku, ba a cika neman mutum ya yi ƙarya ba. Shirunsa a ke so a ranar da aka ɗaure marubuci ko aka harbe masu zanga-zanga. Kowa ya ci ladan kuturu kuwa sai ya yi masa aski.

Wannan ba ya nufin kowace ƙungiyar zumunci abar zargi ce. Musayar ɗalibai da koyon harsuna da ciniki alheri ne, kuma al'umma daban ta ke da gwamnatin da ke mulkinta. Hana ƙungiyoyi baki ɗaya shi ma danniya ne. Amurka, da ta ga farfagandar Nazi ta yi yawa a ƙasarta, ta yi doka a 1938 wadda ta tilasta wa duk mai yi wa gwamnatin waje aikin siyasa ya yi rajista, ya bayyana wanda ke biyansa.

Don haka ɗalibi ko ma'aikacin da aka gayyata irin wannan ƙungiya, ko aka yi masa tayin tafiya kyauta, ya wajaba ya yi tambaya uku: wa ya biya, wa ya zaɓi wuraren da za a gani, kuma ko ƙungiyar ta taɓa sukar gwamnatin da ta ke zumunci da ita, ko da sau ɗaya. In amsar ta uku ita ce a'a, to, ofishin jakadanci ne ya sake suna. Ma'aikacin gwamnati musamman ya tuna cewa amanar da ke wuyansa ta ƙasarsa ce, kuma rahoton da zai rubuta bayan ya dawo yana iya zama tushen shawarar da hukuma za ta yanke.