Cin Zarafin Ma'aikatan Haƙori a Yankin Noman Rani na Kura da Bunkure



Wannan lacca ta shafi wani ma'aikaci ne wanda ba a cika tunawa da shi ba sai ran da ciwo ya hana mutum barci, wato mai aikin haƙori, ko likita ne, ko wanda aka horar don wanke haƙora da cike kogo, ko kuwa mataimakinsu. Abin da za a duba shi ne zagi da barazana da tsangwama, wani lokaci har da duka, da suke gamuwa da su a bakin aiki. An ɗauki ƙasar Kura da Bunkure don misali, domin sana'ar mutanen wurin tana bayyana tushen al'amarin sarai.

Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, aka jawo ruwa zuwa Kadawa da Kura da Bunkure, rani ya daina zama lokacin hutu a wannan yanki. An tsara matakin farko na shirin ya ci kimanin hekta 22,000, daga baya kuma ya koma hannun Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda aka kafa a 1976. Manomi yana gama yankan shinkafa sai ya shiga tumatir da albasa da alkama. To, wanda yake jiran ranar da ruwa zai iso gonarsa, ko wanda tumatirinsa ya nuna alhali motar Kwanar Gafan tana jira, ba zai bar gona saboda haƙori ba. Sai ya cusa kanumfari a kogon, ya sayi ƙwaya a kemis, ko ya nemi wanzami. Mako guda ya wuce, na biyu ya bi.

Ran da zai iso asibiti kunci ya riga ya kumbura, baki da ƙyar yake buɗuwa, ya kwana uku bai runtsa ba. Buƙatarsa ɗaya ce, a cire masa haƙorin yanzu-yanzu ya koma gona. Ma'aikaci kuwa ya san abin da marar lafiya bai sani ba. Allurar kashe zafi ba ta kama wurin da ya yi mugunya yadda ya kamata. Mai hawan jini ko ciwon sukari sai an daidaita shi tukuna. In kuma kumburi ya gangara ƙarƙashin muƙamuƙi ya nufi wuya, yana iya toshe numfashi, babu abin yi sai a tura mutum Kano, zuwa Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ko Asibitin Murtala. Amma "sha magani ka dawo jibi", a kunnen wanda ya bar kwanduna a rana, wulaƙanci ne, ko kuwa alama ce ta ana neman na goro. A nan wutar take tashi, kuma sau da yawa 'yan rakiya sun fi marar lafiyan ɗaga murya.

Akwai kuma rikicin bayan aiki. Idan an cire haƙori, jinin da ya daskare a gurbin shi ne murfin rauni. Mutum ya kurkure baki da ƙarfi, ko ya sha taba, murfin ya tashi, bayan kwana biyu ko uku ciwo ya dawo fiye da na da. Sai ya komo a fusace yana cewa ba mai ciwon aka cire ba. A haɗa wannan da ɗaukewar wutar lantarki, da jiran a dafa kayan aiki, da kuɗin da ake biya tun kafin a taɓa mutum. Ba ma'aikacin ne ya yanke farashi ba, ba shi yake sayen man injin wuta ba, amma shi ne a tsaye a gaban mai fushi, hannunsa a cikin bakinsa. An bar jaki ana dukan taiki ke nan.

Halin ma'aikaciya mace ya fi tsanani. Aikin haƙori aiki ne na kusanci, fuska dab da fuska, a ɗan ɗaki. Wani yakan fake da wannan ya gaya mata maganar da ba za ta iya maimaitawa ba, ko ya kai hannu. Tsangwama takan zo kuma daga na sama da ita, wanda canjin wurin aiki da ƙarin girma suke hannunsa. Ba ta kai ƙara, domin tana tsoron a ce ita ta jawo, ko maigida ya ce ta ajiye aikin. Alhali kuwa matan ƙauye da yawa ba su sakin jiki su buɗe baki sai a gaban 'yar'uwarsu mace.

Matsalar ba ta ƙasar nan kaɗai ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kashi 8 zuwa 38 cikin 100 na ma'aikatan lafiya sukan sha duka ko makamancinsa a tsawon aikinsu, masu shan zagi da barazana kuwa sun fi haka yawa. A 2019 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta zartar da yarjejeniya mai lamba 190 a kan cin zarafi a wurin aiki, Nijeriya ta amince da ita a 2022. Sai dai yarjejeniya tana aiki ne da abin da aka rubuta, a nan kuwa an saba kashe magana da baki. Dattijo ya shiga tsakani, a ce wa ma'aikaci ya yi haƙuri, ciwo ne ya sa. Haƙuri hali ne na gari, amma wanda aka ci wa kwala sau uku, aka ba shi haƙuri sau uku, takardar neman canji yake rubutawa, kuma likitocin haƙori a Nijeriya da ma ba su da yawa, akasarinsu a manyan birane suke.

Wanda ya yi asara idan kujerar ta zama babu kowa shi ne yaro. Cutar zaizayar baki, wadda aka buɗe wa asibiti na musamman a Sakkwato a 1999, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci a Disambar 2023, da kumburin dasashi take farawa ga yaro mai ƙarancin abinci. Ma'aikacin da ke kusa yana iya tare ta da magani da tsabtace baki. In aka makara, cikin 'yan kwanaki take cin kunci.

Magani yana hannun waɗanda ke zaune a wannan zaure. Ya kamata kowane ɗakin haƙori ya sami littafin rubuta cin zarafi, wanda wani jami'i dabam da shugaban wurin zai riƙa dubawa, kada kuma a bar ma'aikaci shi kaɗai da marar lafiya. A liƙa farashi a bango da Hausa da ajami. A yi wa mutum bayani, a gaban ɗan rakiyarsa, tun kafin a ɗauki allura, musamman in likitan mai yi wa ƙasa hidima ne wanda bai ji Hausa ba. Amma abin da ya fi duka shi ne a bi kalandar gona. Manoman shirin suna da ƙungiyoyin masu amfani da ruwa, suna da dagatai da limaman da suke jin maganarsu. Ta hannunsu ana iya sa ranakun duba haƙora a ƙauyuka cikin Oktoba da Nuwamba, kafin dashen tumatir ya kankama, lokacin da kogo bai wuce a cike shi a zama ɗaya ba.